Bakwai Sau Takwas Ya Kore Min Ɗalibai

Assalamu alaikum Goggo. Ina fata kina lafiya, ya iyali, ya aiki? Ni malama ce a wani ajin yaƙi da jahilci na matan aure a Gwale, shekarata 26. Muna zama Litinin, Talata da Laraba, daga bayan la'asar zuwa dab da magariba. Ɗalibaina 23 ne. Ƙaramarsu sa'ata ce, babbarsu kuwa wata Hajiya ce da ta doshi saba'in, tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gida. Karatu da rubutu alhamdulillahi, ana ci gaba, amma lissafin sau ya gagare mu. Wata biyu ke nan muna rera jadawalin nan na bayan littafi, yau a iya, gobe a manta. Makonni biyu da suka wuce raina ya ɓaci, na ce Hajiya ta miƙe ta faɗi bakwai sau takwas. Ta yi shiru, can sai ta faro daga bakwai sau ɗaya tana ƙirge da yatsu, matasan ajin suka kwashe da dariya. Ta gyara mayafinta, ta dube ni ta ce, "Ni fa na yi jika da ke," ta fita. Har yau ba ta dawo ba, mutum uku kuma sun bi ta. Saura mako shida a yi musu jarrabawa. Abokiyar aikina ta ce in haƙura, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ai kowa na da kalkuleta a waya. Goggo, kan babba ne ba ya ɗaukar hadda, ko ni ce ban iya koyarwa ba?

Daga 'yarki, Malama a Gwale.

Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Ki kwantar da hankalinki, kan Hajiya ƙalau yake, ke ma ba a yanke miki hukuncin rashin iya koyarwa a kan yammaci guda. Amma kin yi laifi, kuma zan faɗa miki shi kafin mu taɓa lissafi. Macen da ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki, ta ajiye girmanta a ƙofar aji ta zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta don kawai ta iya rubuta sunanta da duba lambar waya, ba a tsayar da ita kamar 'yar aji uku. Tun ranar da ta fara zuwa take tsoron wannan dariyar, ke kuma kika buɗe mata ƙofa. Sauran ukun da suka bi ta ba ƙiyayyar lissafi ta kore su ba, kowaccensu ta hango kanta ce a tsaye.

Ba daga nesa nake faɗin haka ba. Bayan da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano a 1980, ina cikin 'yan matan da suka riƙe irin ajin nan, rawar kai na cina, ina ganin duk wanda bai iya jadawali ba bai san lissafi ba. Akwai wata baiwar Allah a ajina da na yi wa kallon mai tauraron kai, don kullum takan kakare a gidan shida. Wata rana aka aike ni gidanta sayen ƙuli-ƙuli da mai na biki. Na zauna a tabarma da biro ina ta jera lambobi a bayan ambulan, ita kuwa tana juya tunkuza a kasko, ko ɗago kai ba ta yi ba ta faɗi kuɗin, ta faɗi canjina. Na gama nawa lissafin ya saɓa da nata. Ta ce, "Malama, sake dubawa dai." Na sake, nawa ne ba daidai ba. Ba ta yi min dariya ba, ta ma ƙara min gyara. Har na isa gida kunya ba ta sake ni ba.

To haka Hajiyarki take. Ki tambaye ta bakwai sau biyar, wataƙila ta yi shiru. Ki ce mata awara bakwai, hamsin-hamsin, nawa ke nan? Kafin ki rufe baki ta ce ɗari uku da hamsin. Lissafin ɗaya ne, sifili kawai aka ƙara. Ki kuma duba takardun kuɗinmu: 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500, 1000. Duk a kan ɗaya da biyu da biyar suke tafiya. Shi ya sa duk macen da ta taɓa sana'a, ko ta riƙe kuɗin cefane, ko ta yi uwar adashi, ta riga ta haddace gidan biyu da na biyar da na goma ba tare da an gaya mata sunansu ba. Gidan shida da bakwai da takwas ne baƙi, domin babu takardar naira bakwai. Aikinki shi ne ki nuna musu abin da ke hannunsu tukuna, sannan ku tunkari ɗan ragowar.

Ragowar kuwa ba shi da yawa, bari in ƙirga miki. Daga ɗaya sau ɗaya zuwa goma sau goma amsoshi 100 ne, abin da ke sa gaban mutum ya faɗi in ya kalli bayan littafi ke nan. Ranar Litinin ki shigo aji da kiret ɗin ƙwai wanda babu komai a ciki. Ki ajiye a tebur, su ƙirga: layi biyar, kowane layi gurbi shida, 30. Ki juya shi ta ɗaya gefen: layi shida, kowane gurbi biyar. Ki tambaye su ko ƙwan ya ƙaru. Za su yi dariya, irin dariyar da ake so a aji. Daga nan sun gane biyar sau shida da shida sau biyar abu ɗaya ne, kuma 100 ɗin nan ya koma 55. Kada ki faɗa musu a baki kawai, ki bar kowacce ta juya kiret ɗin da hannunta, ko su jera marafen kwalba ko ƙwallayen dabino a kan tabarma, uku-uku layi huɗu, su zagaya su kalla ta gefe. In kika cire gidan ɗaya da biyu da biyar da goma da suka riga suka sani, saura 21.

Gidan tara, wanda ake yi wa kallon dodo, harshenmu ya riga ya yi mana rabin aikinsa. Bahaushe yakan ce ashirin ba biyu yana nufin 18, talatin ba ɗaya yana nufin 29. Ƙirga daga sama a sauko ɗabi'armu ce. To tara ai goma ba ɗaya ce. Tara sau bakwai: saba'in ba bakwai, 63. Tara sau shida: sittin ba shida, 54. Tara sau takwas: tamanin ba takwas, 72. 'Yan kasuwa haka suke yi in kaya ya kama ɗari tara-tara, su lissafa a dubu-dubu su cire ɗari-ɗari. In sun saba, ki nuna musu yadda za su binciki kansu: a gidan tara har zuwa goma, in aka haɗa lambobi biyun amsar dole su ba da tara, 6 da 3, 5 da 4, 7 da 2. Wadda ta rubuta 64 a madadin 63 za ta kama kanta ba sai kin ja mata jan biro ba. Tara ta fita, saura 15.

Gidan huɗu ninki biyu ne a jere. Huɗu sau bakwai: ninka bakwai, 14, sake ninkawa, 28. Wannan ba ya cin lokaci. Saura 10.

Gidan uku kuwa, 'yata, ba ke za ki koyar da shi ba. Hajiya ce za ta koyar, kuma ta fi ki sani. Kafin a kawo naira a ranar 1 ga Janairun 1973, da fam da sule da kwabo ake ciniki, kwabo 12 ke yin sule guda, sule 20 ke yin fam. Duk yarinyar da ta ɗauki farantin talla a zamanin ta san taro, sisi, nai, sule: kwabo 3, 6, 9, 12. Gidan uku ke nan tsaf, har da sunaye. Taro shida sule da sisi ne, kwabo 18. Taro bakwai sule da nai, 21. Taro takwas sule biyu, 24. Macen da ta doshi saba'in yau tana 'yar budurwa aka yi canjin kuɗin, ba na shakkar waɗannan sunaye suna nan daram a kanta. Sai dai ki shirya wa gardama, domin bayan canjin kuɗi sunayen sun bi sabbin tsabar, sisi ya zama kwabo 5, sule kwabo 10, kuma 'yan shekara arba'in da hamsin wannan suka taras. Ki bar su su yi musun, yana da amfani. Masu kiwon kaji kuma ki tambaye su kwana nawa kaza take kwanci kafin ta ƙyanƙyashe: mako uku, kwana 21, ga uku sau bakwai ta wata ƙofar.

Me ya rage? Guda shida kacal: shida sau shida, shida sau bakwai, shida sau takwas, bakwai sau bakwai, bakwai sau takwas, takwas sau takwas. Ki rubuta su a allo da manyan baƙi, ki ce, "Iyayena da yayyena, duk abin da ya rage mana ke nan." Ki ga yadda fuskoki za su saki. Kuma ki lura, tambayar da kika jefi Hajiya da ita tana cikin shidan nan, wato kin zaɓo ɗaya daga cikin mafiya tauri a jadawalin gaba ɗaya. Ku gwada a ɗakin malamai, za ki ga masu digiri suna ɗan jim kafin su ce 56.

Su ma shidan kowanne yana da gida a rayuwar matan nan. Turmin atamfa yadi shida ne. Duk wadda ta taɓa haɗa lefe, ko ta shiga Kantin Kwari saro kaya, ko tana ɗinki, ta san haka. Turmi shida yadi 36, turmi bakwai 42, turmi takwas 48. Bakwai kuma kwanakin mako ne: mako bakwai kwana 49, wato hamsin ba ɗaya, mako takwas 56. Kin ce saura mako shida a yi jarrabawa, to ki rubuta 42 a kusurwar allo, kullum a rage. Takwas sau takwas ki ɗauko shi daga Islamiyya: izu guda sumuni takwas ne, izu takwas sumuni 64. Wadda wannan bai zauna mata ba ta ninka sau uku, 8 zuwa 16 zuwa 32 zuwa 64. Ga masu son ɗan wasa da ido, ki rubuta 5, 6, 7, 8 a jere, ki sa alamar daidai a tsakiya: 56 shi ne 7 sau 8. Kada dai ki tara musu dabaru biyar a kan abu ɗaya. Kowacce ta kama wadda ta yi mata.

Yanzu maganar rerawa. Ba haramun ba ce, mu ma da ita aka yaye mu. Illarta ita ce wadda kika gani da idonki: Hajiya ta koma bakwai sau ɗaya ta faro, domin a jere aka zuba mata abin, a jere kuma zai fito. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san bambancin mai iya biya sura daga farko da wanda za a ɗauko masa aya daga tsakiya ya ɗora. A musabaƙa ai ba a cewa faro daga Baƙara, alƙali ne zai jawo aya daga inda ya ga dama. Kasuwa ma haka take, mai saye ba zai jira a rero masa gidan bakwai ba. Don haka tambaya ta riƙa zuwa a barkatai. Kuma da Hausa. Ba ki faɗa min da wane harshe kuke rerawar ba, amma in da Turanci ne, kin ɗora musu kaya biyu a kai ɗaya, ga baƙin lambobi ga baƙon harshe. Su fara riƙe "bakwai sau takwas hamsin da shida", Turancin ya biyo baya in ana bukatarsa, lambar da za su rubuta a takardar jarrabawa ai ba ta da yare.

Batun yau a iya gobe a manta kuwa, ba tsufa ba ne, halin ɗan Adam ne. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada haka a kan kansa, ya wallafa a 1885 cewa yawancin abin da aka haddace yana zubewa ne tun a farko-farko, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka dunƙule a zama ɗaya. Alarammominmu ba su jira shi ba, shi ya sa ake tilawa kullum, ake komawa baya a yi tishi kafin a ƙara sabon darasi. Dubi tsarinku: Litinin zuwa Laraba kuna tare, daga Alhamis zuwa Lahadi kwana huɗu babu mai waiwayar lissafi, ga girki, ga raino, ga biki da suna. A nan abin yake tsiyayewa. Minti biyar kullum a gida ya fi awa guda ta rerawa a aji.

Ga yadda nake yi. A samo kwalin sabulu ko na taliya a yayyanka kamar tafin hannu. Kowacce ta rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, da hannunta, don rubutun ma karatu ne. Kada katin ya wuce uku ko huɗu a mako. Ta ajiye gwangwanin madara biyu a inda take yawan zama, kusa da murhu ko kan keken ɗinki. Ta ɗauki kati, ta faɗi amsa tukuna, sannan ta juya. Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan abin: a yi ƙoƙarin tunowa kafin a leƙa, domin kallon amsa yana sa mutum ya ji kamar ya iya alhali bai iya ba. Wanda ta ci ya tafi gwangwani na biyu, sai bayan kwana uku a sake duba shi. Wanda ya kayar da ita ya zauna a na farko, gobe su sake haɗuwa. Ki ɗaura abin da wani lokaci da ba ya tashi, kamar bayan sallar asuba kafin yara su farka, ko sa'ad da ake jiran ruwan tuwo ya tafasa. Masu babbar waya ki yi musu saƙon murya ta WhatsApp: ki faɗi tambaya, ki yi shiru na ɗan numfashi uku, sannan ki faɗi amsa. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai, kada ki ce 'ya'yansu ko jikokinsu su riƙa yi musu tambaya a gida sai in su suka nema. Wata za ta ji daɗi, wata kuwa ɗan aji huɗu zai mai da ita abin tsokana a tsakar gida, ta bar karatun gaba ɗaya.

A aji kuma a daina miƙewa. Kowacce ta riƙe ƙaramin allo ko bayan kwali da alli. Ki jefa tambaya, kowa ta rubuta, a ɗaga gaba ɗaya yana fuskantarki. Ke kaɗai kike ganin wadda ta kuskure, sai ki ce, "Na ga 54, na ga 56, bari mu auna da mako," ba tare da kin kama suna ba. Kada ki sa tsere da agogo, babba in aka matsa masa kansa kullewa yake yi. Wadda ta ƙirga da yatsu ko da carbi ki ƙyale ta, ranar da amsar ta zauna da kanta za ta saki. Matasan da suka yi dariya kuma ki tara su a gefe ki yi musu magana mai kyau, ki fara da cewa ke ce kika fara kuskure. Zai fi shiga.

Akwai wani abu da malamai matasa ba sa kawowa a rai, don idonku garau ne. Daga shekara arba'in zuwa sama ido yakan daina ganin ƙananan rubutu na kusa, jadawalin bayan littafi kuwa kamar ƙwan sauro ake buga shi, ga aji bayan la'asar haske na raguwa. Ki lura da mai nisanta littafi da fuskarta, ko mai rikita 3 da 8, 1 da 7. Wataƙila tabarau na karatu kawai take bukata, kuma da wuya ta faɗa da bakinta.

In jarrabawarku tana kaiwa gidan sha ɗaya da sha biyu, kada ki ɓata musu mako a kai. Sha ɗaya maimaita lamba ne har zuwa tara, 33, 44, 77. Sha biyu kuwa goma ce da biyu: sha biyu sau bakwai, saba'in da sha huɗu, 84, kuma masu sarin kaya dozin-dozin sun san rabinsa.

Abokiyar aikinki tana da gaskiya a rabin magana. Kalkuleta na da amfani, ki ma ware yammaci guda ki koya musu danna ta, babu abin kunya a ciki. Amma waya abin da yatsa ya danna take lissafawa. Wadda ta san turmi bakwai a dubu takwas-takwas ba zai wuce dubu 56 ba, in waya ta nuna mata 560,000 za ta san sifili ne ya yi tsalle. Wadda ba ta sani ba sai ta yarda da waya, ko da yaron shago, ko da mai POS. Karin maganar iccen kuwa ki mayar mata da nata, ai Hausawan da suka faɗe shi su ne suka ce gemu ba ya hana ilimi.

Duk wannan sai Hajiya ta dawo. Kada ki aika, kada ki kira ta a waya, ki taka da ƙafarki. Ki je da yamma ranar da babu aji, ki riƙe ɗan goro ko turare, ki cire takalmi, ki durƙusa har ƙasa ki gaishe ta kamar yadda za ki gai da kakarki. Ki ce, "Hajiya, na yi kuskure, ƙuruciya ce, a yafe min." Ki tsaya nan, kada ki biyo da bayanin cewa jarrabawa ce ta matso ko ranki ne ya ɓaci. In ta yi miki faɗa ki sunkuyar da kai ki sha. In ta huce, ki sayi kwalbar mai, ki bar ta ta yi lissafin, sannan ki ce akwai abin da ya shige miki duhu: wai taro nawa ke yin sule biyu a kuɗin da? Ki saurara da gaske, don za ta ba ki labarin da babu shi a littafinku na kwaleji. Daga nan ki roƙe ta ta zo ranar Litinin ta yi wa ajin wannan bayanin, a zaune, a kan kujerarki. Mai yiwuwa ta ce sai ta yi shawara. Kada ki matsa, ki sake komawa bayan kwana biyu. Sauran ukun ba sai kin bi su gida-gida ba, labarin zuwanki zai riga ki isa.

Ki rubuto min bayan jarrabawa. Ina son jin yadda musun sisi ya ƙare, kwabo shida ko biyar, kuma ki gaishe min da Hajiya.